Kabad ɗin Hajiya zai koma ma'ajiyar zannuwa: yadda aikin ke tafiya

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Kaya uku zan yi aiki a kansu, kuma dukkansu suna jibge a sito tun da aka gyara ɗakin Hajiya aka zuba mata sababbi. Na farko shi ne kabad ɗin kwanuka da aka yi mata jere da shi a 1978, mai ƙofofin gilashi biyu a sama, durowa biyu a tsakiya, sai ƙofofin katako biyu a ƙasa. A cikinsa muka taso muna ganin langa da samira da fanteka a jere, ba mai taɓa su sai ranar biki. Na biyu adakar ƙarfe ce ta kakata, Allah ya jiƙanta. Na uku kuwa wasu durowoyi huɗu ne da suka rage daga wani madubin kwalliya da jikinsa ya daɗe da lalacewa.

Zannuwa ne suka tura ni ga wannan aiki. Atamfofina na lefe da ban ɗinka ba, shaddojin maigida, zannuwan gado, barguna, labulen da ake sauyawa da Sallah, duk suna cikin akwatuna da jakunkunan Gana-mas-go, wasu a kan sif, wasu a ƙarƙashin gado. In ina neman zanen gado ɗaya sai na zazzage jaka biyu. A daminar da ta wuce kuma na buɗe wata jaka na tarar fumfuna ta yi wa wata farar shadda ɗige-ɗige, har yau tabon bai gama fita ba. Abin ya tsaya mini a rai, domin a wurinmu zane ba sutura kaɗai ba ne. Mace takan ajiye turmi saboda ranar da za a yi wa ƙawarta haihuwa, ko ranar gudunmawar biki, ko ranar da hannu ya ƙure a kira dillaliya. Dukiya ce, kuma bai dace dukiya ta kwana cikin leda a ƙarƙashin gado ba.

Yayata ta ce in sayi sabon sif in huta. Na leƙa wuraren masu kayan ɗaki, yawancin abin da ake yi yanzu da MDF ne, wato garin katako da aka matse da gam aka lulluɓe da takarda mai sheƙi. A ido yana da kyau. Amma ruwan goge ɗaki kaɗai ya isa ya kumbura masa ƙafa, kuma in aka kwance shi don tashi gida, noti ba ya sake kamawa a ramin da ya fito. Kabad ɗin Hajiya ya yi shekara 47 yana tsaye. Na zaɓe shi.

Awonsa: tsayi ƙafa 6, faɗi ƙafa 4, zurfi inci 16.

Lahadi, 19 ga Janairu

Na kira dattijon kafintan unguwarmu ya duba. Bai ce komai ba sai da ya kankare fentin gefen ƙofa da bakin wuƙa, jan katako ya bayyana a ƙasa, ya ɗaga kai ya ce, "'Yata, wannan ai maɗaci ne. Yanzu in kin ce a yi miki irinsa, sai kin shirya." Na ce, "Baba, zai gyaru?" Ya ce jikin lafiya lau yake, matsalar tana baya da kuma cikin durowa.

Ya nuna mini ɓarna iri biyu da ni da na ɗauka abu ɗaya ne. Bayan kabad ɗin siririn filawud ne, kuma ƙasansa gara ta ci. Ana gane aikin gara da hanyar ƙasa da take ginawa a jikin katako, tana bi ta ciki don kada iska ta busar da ita. Ya karya hanyar, babu ko ɗaya a ciki, tsohuwar ɓarna ce tun zaman sito. Durowoyin kuwa fuskarsu ce kawai maɗaci, gefensu da gindinsu obeche ne, farin katako mara nauyi. A nan akwai ƙananan huji, in ka ƙwanƙwasa sai wani abu ya zubo kamar garin tuwo. Wannan ƙwaron katako ne. Uwar takan saka ƙwai a cikin katakon, tsutsar ta yi ta ci daga ciki wata da watanni, hujin da muke gani ƙofar da ta fita ce bayan ta girma. In garin fari ne tas, to akwai masu rai a ciki. Namu fari ne.

Shawararsa ita ce a shafe ko'ina da baƙin mai ko Solignum, kamar yadda ake yi wa katakon rufi. A nan muka ɗan ja. Na ce masa abin da zai kwana a ciki zane ne, kuma zane yana shan wari yana shan maiƙo, ba na son zanen gadon da yara za su kwanta a kai ya ɗauki wannan. Muka tsaya a kan cewa ƙafafu huɗu da ƙasan gindi kawai za a shafa wa magani, a cire bayan gaba ɗaya a ƙona, durowoyin kuma a ware su nesa da sauran katako har zafi ya shigo.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Yau ban taɓa katako ba, zane na auna. Kabad ɗin an yi shi ne don kwanuka, hawansa biyu kacal a sama, kowanne da tazara mai yawa. In aka jera atamfa a irin wannan tazara, tsibin zai yi tsawo, ka ja na ƙasa na sama su rufto. Don haka na shimfiɗa tabarma, na fito da kowane irin kaya, na ninke shi yadda na saba, na ɗora tef.

Turmin atamfa yadi shida ne, faɗinsa wajen inci 46 zuwa 48. Yadda nake ninkewa yana komawa inci 11 a faɗi, 14 a tsawo. Zurfin kabad inci 16 ne, ke nan zai shiga har a sami 'yar tazara ta baya don iska. Cikin kabad, in an cire kaurin katakon gefe, ya rage inci 46, tsibi huɗu za su zauna a jere in an matsa, amma uku nake so don hannu ya sami wurin shiga. Zanen gado na shida-da-shida tare da rigunan filo ya fi kauri, shi sai hawan ƙasa. Dabarar da na daɗe ina yi ita ce in cusa zanen gadon da rigar filo ɗaya a cikin ɗaya rigar filon, kowane saiti ya zama ƙunshi guda, ba a neman wani a rasa.

Sai maganar nauyi, wadda ban ga ana damuwa da ita ba sai kanta ta lanƙwashe. Na ɗora turmi a sikelin kicin, ya kusa kilo guda. Turmi takwas a tsibi, tsibi uku a hawa, ka ga an haura kilo 20 a kan katako ɗaya mai tsawon kusan ƙafa huɗu. Baba kafinta ya ce filawud mai kaurin rabin inci ba zai ɗauka ba, sai na inci uku bisa huɗu, kuma duk da haka zai kafa siririn katako a bakin kowane hawa ta gaba ya riƙe shi, ya kuma tokare tsakiya ta baya. Hawa huɗu za a yi a sama, tazarar inci 9 tsakaninsu.

Da yamma maigida ya kai mu 'Yan Katako na Na'ibawa. Falle ɗaya na filawud ƙafa 4 ne da ƙafa 8, ya ishe mu hawa huɗu har da saura. Mun ƙara da falle ɗaya siriri na baya. Baba ya koya mini duba gefen falle kafin a biya: in ka ga ramuka tsakanin shimfiɗun katakon, ka bar shi, nan ne yake fara buɗewa.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Cire fenti shi ne aikin da ya fi cin rai zuwa yanzu. Asalin kabad ɗin banish aka shafa masa, amma daga baya, lokacin wani biki a gida, aka lulluɓe shi da koren fentin mai, aka sake maimaitawa da ruwan toka. Hawa biyu na fenti a kan maɗaci!

Ban yarda a sa injin goge katako ba, kuma ina so duk mai niyyar irin wannan aiki ta ji dalili. Tsohon fentin mai, musamman mai launi irin kore da rawaya da ja, sau da yawa akwai dalma a cikinsa. Muddin yana manne a jikin katako da sauƙi, amma in aka goge shi a bushe sai ya zama ƙura, ta sauka a tsakar gida, yaro ya dafa ƙasa ya kai hannu baki. Mu a arewa ba sai an yi mana dogon bayani a kan ƙurar dalma ba. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara saboda ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Na fenti bai kai wancan yawa ba, amma guba ɗaya ce, kuma ƙwaƙwalwar ƙananan yara take taɓawa.

Saboda haka na tura yara gidan Hajiya, na shimfiɗa leda a bayan gida, na ɗaura takunkumi. Ina fesa ruwa, ina kankarewa da faffaɗan ƙarfen masu fenti, ɓawon yana faɗowa a jiƙe. Abin da ya maƙale na bi shi da samfefar ruwa mai lamba 80, sannan 120. Da na gama na naɗe ledar da duk abin da ke kanta na ɗaure, na wanke wurin, kayan jikina ma daban na wanke su.

Ƙofofin ƙasa da gefe ɗaya sun fito. Launin katakon ja ne mai duhu, da zane-zanensa na halitta. Hajiya da ta zo ɗaukar yara ta tsaya tana shafa shi, ta ce rabon da ta ga wannan launi tun kafin a haife ni.

Laraba, 26 ga Fabrairu

An gama cire fenti, an bi da samfefa mai lamba 220. Baba ya kwance mahaɗar ƙafa biyu da ke girgiɗi, ya kankare tsohon gam, ya sa Top Bond, ya ɗaure da igiya ya murɗa da itace har ta kama. Ya ce sabon gam ba ya kama tsohon gam, sai an kai ga tsurar katako.

Ya kuma ja mini kunne a kan ƙofofi. Yanzu ƙarshen hunturu ne, katako ya bushe iyakar bushewarsa, ya tsuke. Duk ƙofar da aka daidaita cif a wannan lokaci, in Agusta ta zo ba za ta rufu ba, don katako yana shan danshin iska ya kumbura ta faɗinsa. Zai bar tazara kamar kaurin tsabar kuɗi a kowane gefe.

Azumi ya ƙarato. Na lulluɓe kabad da tsohon zane, sai bayan Sallah in Allah ya kai mu.

Asabar, 12 ga Afrilu

An yi Sallah ranar 30 ga Maris, an gama zumunci, zafi kuma ya kankama. Shi nake jira saboda durowoyi. Ƙwaron katako da ƙwansa ba sa jure zafin da ya kai wajen digiri 55 in ya ratsa cikin katakon ya jima. Ranar Kano a Afrilu tana haura digiri 40 a inuwa, to ina ga cikin baƙar leda a kan siminti da tsakar rana. Na naɗe durowoyi shida, biyu na kabad da huɗu na madubi, kowacce a ledarta, na ɗaure baki, na ɗora su a kan bulo a inda rana ke dukansu tun hantsi har la'asar, ina juya su. Obeche siriri ne, zafi ba ya wahalar ratsa shi. Bayan an kwance na share su tas, na shimfiɗa baƙar takarda a ƙarƙashin kowacce na ajiye. In akwai mai sauran rai, sabon gari zai zubo a kan takardar a gani. Zuwa yau babu.

Gindin durowa biyu ya ci da yawa, za a sauya su da ragowar filawud.

Adakar ma na fara. Tsatsa ta kama kusurwoyin ƙasa amma ba ta huda ba. Na goge da burushin ƙarfe, na shafa jan fentin nan na hana tsatsa da masu walda ke sa wa ƙofofi, na sayo shi a Ƙofar Ruwa tare da sababbin hinjis da mariƙai na kabad. Murfin adakar akwai zanen furanni da ya koɗe. Shi ba zan taɓa shi ba, goge ƙura kawai na yi masa.

Asabar, 3 ga Mayu

Makonnin nan tunanin abu ɗaya nake ta yi, yadda za a ba zane iska ba tare da an ba ƙura hanya ba. Garinmu yana da abokan gaba biyu da ba sa zuwa lokaci guda. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ko ta ina, ko ƙofa a rufe sai ka ga ta kwanta a kan kaya. Daga Yuli zuwa Satumba kuma danshi ne, kuma duk abin da aka toshe ruf, iska ba ta zagayawa a cikinsa, nan fumfuna ke samun wurin zama. Abin da ya sami shaddar nan ke nan: leda ta riƙe danshin da ke jikin yadin, ba ta bar shi ya fita ba. In ka toshe saboda hunturu, damina ta cuce ka. In ka buɗe saboda damina, hunturu ya cika maka kaya da ƙura.

Wata ƙawata ta ce in cire gilasan in sa ragar sauro. Na ƙi, don raga tana tare sauro ne, ba ta tare ƙura. Abin da muka yi shi ne, gilasai suna nan, an sake ɗaure su da sabon siririn katako. A sabon bayan kuma Baba ya huda ramuka masu faɗin inci ɗaya, jere ɗaya can sama, jere ɗaya can ƙasa, domin iska mai ɗumi ta fita ta sama, wata ta shigo ta ƙasa. Ta waje an rufe ramukan da ragar sauro saboda kyankyaso, ta ciki kuma na lulluɓe su da siririn farin yadi da aka kama da ƙananan ƙusoshi, wanda zan iya cirewa in wanke. Da hunturu zan ninka yadin biyu. Tunda ramukan suna fuskantar bango ne, ƙurar da za ta kai gare su ba ta da yawa.

Gilashi kuma yana da nasa aibin, haske. Atamfar da rana ke haskawa kullum, bakin ninkinta ne ke fara koɗewa, ranar da aka warware sai a ga layi-layi. Na ɗinka ƙananan labule biyu da ragowar wani yadi mai kauri, za a rataya su ta cikin ƙofofin a kan waya.

Ta waje an shafa banish hawa uku, ana bari ya bushe a goga da samfefa mai laushi tsakanin kowane hawa. Ta ciki banish mai haɗin ruwa na sa, don ba shi da warin tina. Dole ne a shafe ciki, domin tsurar katako da gam ɗin filawud suna fitar da wani tsami da ke sa farin yadi ya yi rawaya in sun daɗe a manne. Ko bayan banish ɗin, kowane hawa zan shimfiɗa masa farin yadin auduga da aka wanke aka cire masa sitaci. Jarida ba ta shiga, tawadarta tana kama zane. Ƙofofi za su zauna a buɗe har ƙarshen wata, sai hanci ya daina jin komai.

Asabar, 24 ga Mayu

Ranar tantance kaya. Na ɗauko Hajiya don ta taya ni, ashe ita ma da nata ƙunshin ta zo, ta ce tunda kabad ɗinta ne, to a ba zannuwanta hawa guda.

Abin da ta kwance ya sa aikin yau ya tsaya cak na wani lokaci. Akwai Holan biyu da ba a taɓa sa musu almakashi ba. Akwai atamfofin Kaduna, sunan UNTL na nan a bakinsu. An kafa wannan masaƙa a 1964, bayan masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna, kuma a shekarun da aka yi wa Hajiya lefe dubban mutane ke cin abinci a masaƙun Kakuri, audugar ma ta gonakinmu ce. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsayar da aiki a 2007. Yau in ka shiga Kantin Kwari yawancin abin da ke kan kanta daga Sin ya zo. Na riƙe ɗaya daga cikin na Kadunan a hannu, yadin cike yake, launin bai gudu ba. Irin wannan ba a sake samunsa a kasuwa, kuma shi ne ya ƙara tabbatar mini cewa wahalar da nake sha a kan kabad ɗin nan ba a banza take ba.

A ƙasan ƙunshin akwai luru guda na kakata, saƙar hannu, ƙyalle-ƙyalle da aka haɗa, da wani baƙin zane mai shuni irin na Kura, wanda Buzaye ke zuwa saye tun daga Nijar. Waɗannan biyun ba za a ninke su ba. Tsohon zare in ya shekara a ninke wuri ɗaya, a kan layin ninkin yake tsinkewa. Zan naɗe su a jikin bututun roba na ruwa da aka lulluɓe da farin yadi, su kwanta a adaka. Mai shunin kuma sai an naɗe shi a nasa yadin daban, don shuni yana sauka a jikin duk abin da ya goga, kusa da farar shadda kuwa ko kusa.

Ƙa'idar da na kafa ita ce ba abin da zai shiga sai wankakke, busasshe ƙayau. Gumi da maiƙon humra ba a ganinsu ranar da aka ajiye, sai bayan shekara su fito rawaya. Shaddar da za ta daɗe a ajiye ba a sa mata sitaci, don sitaci abinci ne ga kyankyaso da ƙananan ƙwarin da ke bin takarda. A kai ta wurin bugu in za a sa. Asu kuwa ulu ya fi so, bai cika damuwa da auduga ba, don haka barguna biyu na ulu ne kawai ke buƙatar tsaro daga gare shi.

A nan muka zo maganar kafur. Hajiya ta ce a watsa shi ko'ina kamar yadda aka saba. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, wannan kam ban da shi." Farin ƙwallon da ake sayarwa da sunan kafur yawanci naftalin ne. Akwai yara da yawa a ƙasarmu, musamman maza, da ake haifa da ƙarancin wani sinadari a jini da likitoci ke kira G6PD, kuma ba a ganewa a ido. Irin wannan jariri in aka naɗe shi a zanen da ya sha naftalin, ko ya shaƙi warinsa, ƙwayoyin jininsa suna iya farfashewa, shawara mai tsanani ta kama shi, har ta taɓa ƙwaƙwalwa. A kabad ɗin nan zannuwan goyo da tawul ɗin jarirai za su zauna, ƙanwata kuma tana da tsohon ciki, daga nan za a ɗebar mata. Hajiya ta yi shiru, sannan ta ce, "Allah ya kiyaye. To ki sa kanumfari, shi ma iyayenmu sun yi amfani da shi." Haka za a yi. Na ɗinka ƙananan jakunkuna, na zuba kanumfari da busasshen ganyen darbejiya, a jaka don kada man kanumfari ya taɓa zane. Ba sa kashe ƙwaro, korarsa kawai suke ɗan yi. Abin da ke kashe asu a bargo shi ne a fitar da shi a shanya a rana a kakkaɓe.

Asabar, 14 ga Yuni

An yi Babbar Sallah ranar 6 ga wata, hayaƙin suya ya lafa, yau aka shigar da kabad ɗaki. Na zaɓi bangon da ba ya haɗe da banɗaki, ba kuma wanda ruwan sama ke duka ta waje ba. An bar tazarar inci 3 tsakaninsa da bango saboda ramukan iska. Ƙafafunsa sun ɗaga shi inci 5 daga ƙasa, tsintsiya tana shiga, in gara ta fara gini za a gan ta da wuri.

Abu na ƙarshe da Baba ya yi shi ne ɗaure saman kabad da bango da ƙarfe biyu masu lanƙwasa. Dogo ne, zurfinsa kaɗan, ga ƙofofin gilashi masu nauyi ta gaba. Yaro ɗaya ya taka durowa don ya hau, ya isa ya jawo shi kansa.

Jerin ya kasance haka: hawan sama na Hajiya, biyu na tsakiya atamfa da leshi, na huɗu shadda. Durowa biyu rigunan filo da mayafai da zannuwan goyo. Ƙasa zannuwan gado da tawul da labule, masu nauyi ke nan, su suka ƙara masa zama daram. Jaka biyar da akwati biyu sun koma fanko.

Asabar, 16 ga Agusta

Ruwa ake yi ba ƙaƙƙautawa, wannan ne watan da zai nuna ko aikin ya yi. Na sauke komai na duba. Babu fumfuna, babu warin ruma, farin yadin shimfiɗa a bushe yake. Tazarar da Baba ya bari a ƙofofi ta kusa cikewa, amma suna rufuwa. Durowar hagu ta fara cijewa, na goga mata kyandir a gefe da kan katakon da take zamewa, ta saki. Ba za a fere ta ba, don in hunturu ya dawo za ta koma yadda take.

Adaka ce ba ta gamsar da ni ba tukuna. Ƙarfe yana yin gumi in gari ya yi sanyi da asuba, na taɓa cikin murfin na ji laima. Lurun da zanen shunin na kwashe su na mayar saman kabad na wucin gadi. Baba ya ce zai shimfiɗa mata siririn filawud ta ciki, gindi da gefe da murfi, ya yi mata ƙafa ta katako don ta bar siminti. Sai an gama wannan, an shafe, warin ya fita, sannan su koma.

Durowoyi huɗu na madubi har yanzu suna jira. Baƙar takardar da ke ƙarƙashinsu ba ta nuna sabon gari ba tun Afrilu. Shirin shi ne a haɗa su biyu-biyu, a sa musu tayoyi da murfin filawud, su shiga ƙarƙashin gadon yara su ɗauki barguna da kayan sanyi. Na auna, tsakanin gadon da ƙasa inci 9 ne, durowar inci 6, tayoyin da na samu inci 2, murfi rabin inci. Zai shiga da ƙyar, don haka ranar Litinin zan koma Ƙofar Ruwa in nemi tayoyi masu inci ɗaya da rabi.